Tambaya: Shin Gundumar Howard ta dace da iyalin da aikinsu ya rabu tsakanin Baltimore da Washington?

Baban Sadiƙ ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Shekarata huɗu ke nan ina zaune da iyalina a jihar Ohio, kuma a cikin ikon Allah maiɗakina ta samu aikin jinya a wani asibiti da ke Baltimore, ni kuma wata ƙungiya da ke Washington ta ɗauke ni aikin akanta, bisa sharaɗin in riƙa zuwa ofis kwana uku a mako. Da muka shimfiɗa taswira muka duba, sai muka ga tsakanin biranen biyu bai wuce mil 40 ba, kuma duk wanda muka tuntuɓa sai ya ambata mana Gundumar Howard ta jihar Maryland, musamman garuruwan Columbia da Ellicott City, yana cewa nan ne tsakiya, kuma nan ne makarantun gwamnati suka fi inganci.

Abin da ya hana ni yanke shawara shi ne, yabon ya yi yawa har ya fara ba ni tsoro, domin ban taɓa jin wuri da kowa ke yabo ba tare da wani ya faɗi aibinsa ba. Muna da yara uku, babban zai shiga aji na tara, ƙaramar kuma ba ta kai shekarun makaranta ba. Ina roƙon waɗanda suka zauna a can su yi mini bayani dalla-dalla: wane irin wuri ne, daga ina arzikinsa ya fito, yaya rayuwar Musulmi take a cikinsa, kuma shin zama a tsakiya yana rage wahalar hanya da gaske, ko kuwa raba ta kawai yake yi gida biyu? Allah ya saka da alheri.

Dattijon Wilde Lake ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena, barka da samun aiki, Allah ya sa albarka. Na haura shekara ashirin a Columbia, don haka zan fara da gyara wata fahimta da baƙi ke zuwa da ita, wato ɗaukar gundumar a matsayin wuri guda mai hali guda. Ba ta da girma, faɗinta kusan murabba'in mil 250 ne, tsakanin kogin Patapsco daga arewa da gabas da kogin Patuxent daga kudu da yamma, amma a cikin wannan ɗan fili akwai yankuna uku da ba su yi kama da juna ba. Gabas, inda Elkridge da Jessup da Savage da arewacin Laurel suke, yanki ne na manyan ɗakunan ajiyar kaya da tireloli da kasuwar sarin kayan gwari da kifi, kuma nan ne gidaje suka fi sauƙi. Tsakiya ita ce Columbia da Ellicott City, inda akasarin jama'a suke. Yamma kuwa, wajen Glenelg da West Friendship da Lisbon, har yanzu gonaki ne da dawakai da manyan gidaje masu filin eka uku ko fiye, waɗanda yawancinsu ruwan famfon gwamnati bai kai gare su ba, sai rijiyar burtsatse da sokawe, saboda hukuma da gangan ta ƙi ja musu bututu, tana kuma biyan manoma kuɗi don su yi alkawarin ba za a yanka gonakinsu fuloti ba.

An yanke gundumar daga Anne Arundel a 1851, aka sa mata sunan John Eager Howard, wani hafsan yaƙin neman 'yancin Amurka da ya yi gwamnan Maryland. Har zuwa ƙidayar 1960 mutanenta ba su wuce 36,000 da 'yan kai ba, ƙauye ne na alkama da shanun madara. Abin da ya juya tarihinta mutum ɗaya ne, James Rouse, wani mai harkar gine-gine da bashin gidaje, wanda tsakanin 1962 da 1963 ya sayi kimanin eka 14,000 a asirce ta hanyar ƙananan kamfanoni masu sunaye daban-daban, da kuɗin wani kamfanin inshora na jihar Connecticut, don kada masu gonaki su farga su tsawwala farashi. Sai da ya gama haɗa filin ya fito ya ce sabon birni zai gina, wato Columbia, kuma a 1967 mutanen farko suka tare a Wilde Lake, unguwar da nake zaune yanzu.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan labari shi ne, ba za ka fahimci Columbia ba sai ka san niyyar da aka gina ta a kai. A lokacin da dillalai a sassan Amurka da dama ke ƙin sayar wa baƙar fata gida a unguwar farare, Rouse ya shardanta cewa kowa zai iya saye ko haya a garinsa, tun kafin dokar tarayya ta 1968 ta haramta wariya a harkar gidaje. Ka tuna kuma cewa wannan gunduma ce da ba ta rufe makarantar sakandaren da aka ware wa baƙaƙe ba, wato makarantar Harriet Tubman, sai a 1965, shekara goma sha ɗaya bayan Kotun Ƙoli ta soke wariya a makarantu. Ya raba garin zuwa ƙauyuka goma, kowanne da 'yar kasuwarsa da makarantunsa, ya haƙa tafkuna uku, ya ratsa dazuzzuka da hanyoyin ƙafa, har akwatunan wasiƙa ya sa aka haɗa su wuri guda a kowane layi don maƙwabta su riƙa haɗuwa dole. Ya kuma ƙarfafa mabiya addinai daban-daban su yi tarayya a zauren ibada guda maimakon kowa ya gina nasa. Wasu daga cikin waɗannan dabaru sun yi aiki, wasu kuma lokaci ya cinye su, amma cuɗanyar jama'a ta tabbata: a ƙidayar 2020 gundumar tana da mutum 332,317, farare ba su kai rabi cikakke ba, baƙaƙe kusan kashi ɗaya cikin biyar, 'yan asalin Asiya ma haka.

Game da tushen arzikin, gaskiyar magana shi ne gundumar ba ta haifi yawancinsa ba, tana dai zaune ne inda kuɗin gwamnatin tarayya ke malala. Babbar cibiyar binciken kimiyya ta Jami'ar Johns Hopkins da ke kusa da Laurel, wadda ta ƙera kumbon da ya wuce ta gefen Pluto a 2015 da wanda aka kara wa wani dutsen sararin samaniya da gangan a 2022, tana ɗauke da dubban injiniyoyi, kuma yawancin aikinta kwangilar gwamnati ne. Barikin Fort Meade da hukumar leƙen asiri ta NSA suna tsallaken iyaka a Anne Arundel, amma ɗimbin ma'aikatansu da kamfanonin tsaron intanet da ke cin abinci a jikinsu a Howard suke kwana. Idan ka ƙara likitocin Baltimore da lauyoyin Washington, sai ka ga dalilin da ya sa matsakaicin abin da gida guda ke samu a shekara ya haura dala 120,000, wanda ya sa gundumar take cikin mafiya wadata a faɗin Amurka.

Maman Hanifa ta rubuta:

Malam Baban Sadiƙ, sannu da ɗawainiya, a gaishe da Maman Sadiƙ. Baba Dattijo ya yi bayanin tarihi yadda ba zan iya ba, ni kuma zan taɓa abin da uwa ke fara tambaya, wato makaranta da masallaci.

Ba ƙarya ba ne makarantun suna da kyau, kuma yarana biyu sun gama sakandare a nan, amma kalmar "makarantun Howard" tana ɓoye bambanci mai yawa. Hukuma ɗaya ce ke kula da duka, akwai manyan sakandare goma sha uku tun da aka buɗe Guilford Park a 2023, kuma adireshin gidanka ne ke yanke wacce ɗanka zai je. Saboda haka gida biyu masu girma ɗaya, tsakaninsu tafiyar minti goma, sai ka tarar farashinsu ya yi nisa da juna, don kawai ɗaya yana ƙarƙashin sakandaren River Hill ko Centennial ko Marriotts Ridge, ɗayan kuma yana cikin tsofaffin ƙauyukan Columbia inda 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa. A 2019 shugaban makarantun gundumar, Michael Martirano, ya kawo shawarar a sauya wa sama da ɗalibai 7,000 makaranta don rage cunkoso da kuma daidaita yawan 'ya'yan talakawa tsakanin makarantu, kuma abin da ya biyo baya ya buɗe mini ido. Iyaye sun yi zanga-zanga sanye da riguna masu launi ɗaya, an yi ta zaman sauraron ra'ayi har cikin dare, an rubuta wasiƙun da wasu daga cikinsu kunya ba za ta bari a karanta su a gaban yara ba, daga ƙarshe a watan Nuwamba hukumar ta amince da sauya wa kimanin 5,400. A garin da ke alfahari da cewa an gina shi don kowa, ranar nan na gane cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Darasin da ya shafe ku kai tsaye shi ne, kada ku ɗauki bashin da ya fi ƙarfinku saboda sunan wata makaranta, domin ana iya sake zana iyaka bayan kun tare. Ɗana na fari ya yi karatu a ɗaya daga cikin makarantun da ake rainawa, ya samu darussan share fagen jami'a iri ɗaya da na sauran, kuma ya fi samun natsuwa fiye da 'yar'uwarsa da muka kai inda gasa ta yi tsanani har yara ba sa barci. Wannan ra'ayina ne, na san akwai iyayen da za su yi mini musu.

Ta fuskar addini kuwa, alhamdu lillahi, ba za ku yi kaɗaici ba. Masallacin Dar Al-Taqwa yana kan hanya mai lamba 108 a yankin Ellicott City, ana Juma'a, ana karatun yara a ƙarshen mako, kuma jama'arsa haɗin gambiza ce ta 'yan Pakistan da Larabawa da baƙaƙen Amurka da 'yan Afirka ta Yamma. Tun 2016 hukumar makarantu ta fara la'akari da Babbar Sallah a kalandarta tare da bukukuwan 'yan Indiya da na 'yan China da Koriya, ta yadda ɗalibai ke samun hutu a ranar. Naman halal ba ya wuya. Abin da za ku rasa shi ne yawan Hausawa. 'Yan Najeriya da sauran 'yan Afirka sun fi taruwa a Gundumar Prince George's da wajen Silver Spring da kuma Baltimore, don haka idan ana suna ko ɗaurin aure, ko kuna neman daddawa da kuka, ku sa a ranku za ku yi tuƙin rabin sa'a ko fiye. A kan hanya mai lamba 40 a Ellicott City, shagunan Koriya ne suka cika ko'ina, har gwamnan jihar na lokacin, Larry Hogan, ya raɗa wa wani sashenta sunan Hanyar Koriya a 2016, kuma a manyan kantunansu nake sayen kuɓewa da doya da kifi.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Yaya Baban Sadiƙ, tunda ka nemi wanda zai faɗi aibi, ga ni. Na yi shekara shida a Elkridge ina zuwa aiki Washington, kuma amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce, tsakiyar da ake faɗa tsakiya ce a taswira, ba a agogo ba. Daga Columbia zuwa tsakiyar Baltimore kimanin mil 20 ne, zuwa Washington kuma kimanin 25, amma matarka za ta iya isa asibiti cikin rabin sa'a, alhali kai a safiyar Talata ko Laraba sa'a ɗaya da kwata ba abin mamaki ba ne, ko ta babbar hanyar 95 ka bi ko ta 29 da ke gangarawa Silver Spring. Gundumar ta fi karkata ga Baltimore ta kowace fuska, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na Washington bai shigo cikinta ba ko da tasha ɗaya.

Akwai jirgin ƙasa na MARC, layin Camden, mai tsayawa a Dorsey da Savage, wanda ke kai mutum Union Station a Washington. Sai dai layin dogon na kamfanin dakon kaya ne, saboda haka jirgin fasinja yana tafiya ne safe da yamma kawai a ranakun aiki, kuma idan na kaya ya tare hanya sai dai haƙuri. Da yawa daga cikinmu mun gwammace mu tuƙa zuwa tashar filin jirgin sama na BWI ko Odenton mu hau layin Penn, wanda ya fi sauri da yawan jirage, ko da yake dukansu a wajen gundumar suke. Motocin bas na cikin gida suna nan, amma ba abin da iyali mai yara uku zai dogara da shi ba ne. Ku yi lissafin mota biyu tun yanzu, da inshorarsu, da ta uku idan Sadiƙ ya kai shekarun tuƙi.

Sai batun Ellicott City, wanda ya kamata a bambance. Tsohon garin, inda hedikwatar gundumar ta samo asali, 'yan'uwa uku ne daga Pennsylvania suka kafa shi a 1772 don injin niƙa da ruwan Patapsco ke juyawa, su ne kuma suka shawo kan manoman yankin su bar taba su koma alkama. Tashar jirginsa, ƙarshen layin mil 13 na farko da aka shimfiɗa daga Baltimore a 1830, ita ce mafi tsufa da ta rage a Amurka, kuma wuri ne mai kyau na kai baƙi. Amma garin yana cikin kwazazzabon dutse ne inda ƙananan rafuka ke haɗuwa, wasu gine-ginen ma a kan rafin aka ɗora su. A daren 30 ga Yulin 2016 ruwan sama kimanin inci shida ya sauka cikin sa'a biyu, babban titin ya zama kogi, motoci suka yi ta yawo kamar kwanuka, mutum biyu suka rasu. An ce irin wannan ruwa sai a shekara dubu ake ganinsa sau ɗaya, mutane suka ci bashi suka gyara shagunansu, sai ga shi ya dawo ranar 27 ga Mayun 2018, ya kuma ci ran wani soja da ya je ceton wata mata. Abin lura shi ne, wannan ambaliya daga sama ta gangaro, ba kogin ne ya cika ya hau ba, shi ya sa ake ta jayayya kan ko gidaje da kwalta da aka shimfiɗa a kan tudu sun ƙara mata ƙarfi. Gwamnatin Calvin Ball, wanda aka zaɓa shugaban gunduma a 2018 kuma shi ne baƙar fata na farko a kujerar, ta rushe wasu gine-gine a ƙasan titin, ta haƙa tafkunan tare ruwa, tana kuma haƙa wata babbar magudana a ƙarƙashin dutse zuwa kogin. Yawancin gidajen da ke ɗauke da adireshin Ellicott City suna kan tudu nesa da wannan haɗari, amma duk gidan da za ka saya, ka nemi taswirar ambaliya, ka kuma shiga ɗakin ƙasa ka shinshina da hancinka.

Ƙari a kan maganar Baba Dattijo: arzikin da ya dogara da gwamnati yana yin atishawa duk lokacin da Washington ta yi mura. A rufewar gwamnati ta kwana 35 daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, na ga maƙwabta masu manyan motoci suna lissafin yadda za su biya bashin gida. Kuma yawancin ayyukan tsaron nan masu albashi mai tsoka sai ɗan ƙasa da aka tantance ake ba wa, don haka baƙo mai katin zama yana biyan farashin gidan da albashinsu ya ɗaga, ba tare da ƙofar aikin ta buɗe masa ba.

Baban Sadiƙ ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba Dattijo, Hajiya Maman Hanifa, da ƙanena Ɗan Damagaram. Na karanta wa maiɗakina duka, kuma mun fara karkata ga yin hayar shekara guda a gabashin gundumar kafin mu yi maganar saye, tunda ita ce za ta riƙa yin aikin dare, kusancinta da Baltimore ya fi muhimmanci. Tambaya ɗaya ta rage. Wani dillali ya aiko mini da gidaje biyu a Columbia, a jikin ɗaya an rubuta wani kuɗin shekara na ƙungiyar gari, ɗayan kuma babu, alhali titi ɗaya ne ya raba su. Shin wannan haraji ne na ƙaramar hukuma, ko kuwa wani abu ne da mutum zai iya ƙin biya?

Dattijon Wilde Lake ya rubuta:

Ba haraji ba ne a shari'ance, amma ba ka da ikon ƙin biyansa. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, Columbia, duk da mutanenta sun haura 104,000 a ƙidayar 2020, ba ta da magajin gari ko majalisar birni. A duk faɗin gundumar babu gari ko ɗaya mai hukumar kansa, shugaban gunduma da majalisarsa mai kujeru biyar su ne ke riƙe da 'yan sanda da hanyoyi da kwasar shara. Tafkuna da wuraren ninƙaya da hanyoyin ƙafa da filayen wasa na Columbia kuwa suna hannun wata ƙungiya mai zaman kanta, Columbia Association, kuma Rouse ya rubuta wajibcin biyanta a cikin takardun filayen tun farko, ta yadda sharaɗin yake bin ƙasar duk wanda ya saye ta. Ana lissafa shi ne santi 68 a kan kowace dala 100 ta rabin ƙimar da jiha ta yi wa gidan, wato gidan da aka ƙiyasta dala 500,000 zai biya kimanin dala 1,700 a shekara, ban da harajin gida na gunduma da na jiha, ban da kuma harajin albashi na gunduma, kashi 3.2 cikin ɗari, da ake ɗorawa a kan na Maryland. Wancan gidan da ba a rubuta masa kuɗin ba, mai yiwuwa yana kan ɗaya daga cikin filayen da masu su suka ƙi sayar wa Rouse a shekarun 1960, waɗanda garin ya girma ya kewaye su ba tare da sharaɗin ya hau kansu ba.

Ka kuma tambayi dillalin dokokin ƙauyen da gidan yake, domin a cikin yankin ƙungiyar ko launin fentin ƙofa ko shingen bayan gida za ka sauya, sai kwamitin unguwa ya amince a rubuce. Idan haya za ku yi, mai gidan ne ke biyan kuɗin, ko da yake ya riga ya cusa shi cikin abin da zai karɓa a hannunku. In kun iso ku yi mini magana ta akwatin saƙo, in zagaya da ku ƙauyukan Long Reach da Owen Brown da Kings Contrivance, waɗanda suka fi kusa da hanyar 95, ku gan su da rana ku kuma sake ganinsu bayan isha'i.